Taswira Ta Riga Ƙasa

A makarantun Tailan, ƙasar da a da ake kira Siyam, ana koya wa yara cewa Turawa sun yagi ƙasarsu, Faransa ta ƙwace gabashin kogin Mekon a 1893. Masanin tarihi Thongchai Winichakul, ɗan ƙasar, ya fitar da littafinsa Siam Mapped a 1994 ya ce ba haka ba ne. Ƙananan sarakunan yankin kan kai gaisuwa ga manyan sarakuna biyu ko uku a lokaci guda, iyaka kuwa daji ce da duwatsu, babu wani layi. Da fadar Bankok ta ɗauko Bature ma'aunin ƙasa, James McCarthy, ta kuma tura sojoji, ita ma nata rabon take wawura.

Hujjar ta gamsar da mu. Mutumin da ya sha ɗauri bayan kisan ɗalibai a Jami'ar Thammasat a 1976 ya san yadda hukuma ke gyara tarihi. Inda muke da ja shi ne mutanen Lawos, waɗanda aka shata layin a kan gonakinsu, da kyar ake jin muryarsu a littafin. Fadawa da masu awo ne suka cinye shafukan.