Rabe-raben Sadarwa Uku a Ma'aunin Potiskum: Sharhi a kan Manhajar Jami'a

1.0 Gabatarwa

Littattafan da ake koyar da ilimin sadarwa da su a jami'o'i sukan kasa fagen gida uku, wato sadarwa tsakanin mutum da mutum, da sadarwa a cikin ma'aikata ko ƙungiya, da kuma sadarwa a bainar jama'a. Wannan maƙala za ta auna rabon da yanayin magana a garin Potiskum na Jihar Yobe, domin nuna cewa an gina shi ne bisa zaton mai magana da mai sauraro harshe ɗaya suke ji, alhali a garuruwa da yawa na Nijeriya zaɓen harshen kansa wani ɓangare ne na saƙo.

2.0 Tushen Matsalar

Tsarin da Shannon da Weaver suka fitar a 1949, mai ɗauke da mai aikawa da saƙo da hanya da mai karɓa, daga nazarin wayar tarho ya samo asali, kuma bai damu da wane harshe ake yi ba. Jami'o'in Nijeriya kuwa ta ƙofar aikin jarida suka shiga fagen, tun daga Jami'ar Nsukka a 1961. Da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba digirin aikin jarida gida bakwai a 2020, sai rassan suka bi sana'o'i irin su talla da hulɗa da jama'a da watsa shirye-shirye da fim. Ba a ware wa maganar baka ta yau da kullum reshe nata ba. Sakamakon haka, harshe ya zama hurumin sashen harsunan Nijeriya, sadarwa ta zama ta sashen jarida, abin da ke tsakaninsu kuma ya rasa mai shi.

3.0 Potiskum a Matsayin Ma'auni

Potiskum mahaɗa ce ta Bolanci da Karekare da Ngizim da Ngamo, ga Fulatanci da Barbarci, sannan ga Hausa wadda ta zama harshen kasuwa da tasha. Huɗun farko, kamar Hausa, 'yan rukunin Cadi ne, amma dangantakar ba ta kai mai jin ɗaya ya fahimci ɗaya ba. Ko sunayen mazaɓun garin sun ishi mai nazari ishara, domin akwai Bolewa, akwai Hausawa, akwai Bare-bari, ban da irin su Yerimaram da Dogo Nini da Mamudo. A irin wannan gari, wanda ya gai da dattijo da harshen gida sannan ya juya Hausa da aka zo batun bashi, ya riga ya faɗi wani abu tun kafin a duba kalmominsa. Ya nuna cewa zancen zumunta ya ƙare, an shiga na ciniki. Littafin da ya tsaya ga kallon ido da motsin jiki da sauraro ba shi da gurbin da zai ajiye wannan juyi.

Inda rabon ya fi nuna rauni shi ne kasuwar shanu ta garin, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. A nan mai saniya da mai saye ba safai suke ciniki kai tsaye ba, sai ta bakin dillali. Shi ke karɓar tayi ya kai, shi ke mayar da albarka, shi ke lallashi har a sallama, kana ya karɓi la'adarsa. To, a wane gida za a sa aikinsa? Idan an ce sadarwa ce tsakanin mutum da mutum, ai mutum uku ne, kuma na ukun ba wayar tarho ba ce da ke isar da abin da aka faɗa kawai, domin yana tacewa, yana ragewa, wani lokaci yana fassarawa daga Fulatanci zuwa Hausa. Idan an ce ta ƙungiya ce, babu takardar umarni ko rahoton taro, amma akwai shugabanci da ladabtarwa da amana. Idan kuma an ce ta bainar jama'a ce, gaskiya ne shaidun da ke tsaye su ne ke tabbatar da cinikin. Ke nan aiki ɗaya ya ratsa gidajen uku a lokaci guda. Abin mamaki shi ne ba masana sadarwa ne suka fara bayyana wannan ba, masana halayyar al'umma ne, kamar Hill (1966) a kan fatomai da dillalai, da Cohen (1969) a kan cinikin shanu a Sabon Ibadan.

Haka lamarin yake a fada da wajen ɗaurin aure, inda sanƙira ko mai shela ke ɗaga maganar da aka yi a hankali ta zama ta jama'a. Smith (1957) ya taɓo wannan a nazarinsa na roƙo, Ugboajah (1985) kuma ya ja hankali ga kafafen baka na gargajiya, sai dai manhaja ta fi mayar da su babi guda na tarihi, tamkar abin da rediyo ya riga ya binne. Da aka katse layukan wayar salula a Yobe da Borno da Adamawa a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, an ga cewa saƙon baka ta hannun matafiyi bai mutu ba.

4.0 Rabon Masana Harshe

Ba sashen jarida kaɗai ke da laifi ba. Schuh ya wallafa ƙamus na Ngizim a 1981, sannan shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin harsunan Yobe wanda ya samar da ƙamusoshin Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade a 2004. Aiki ne mai daraja ƙwarai. Amma ƙamus kalma yake adanawa, ba ya faɗin wa ke yin wane harshe da wa, a ina, kuma don me. Tambayar da Hymes ya ɗora tun 1962 ke nan, kuma ita ce mafi gaggawa a Potiskum, inda yara da dama ke tasowa da Hausa a baki fiye da harshen iyayensu. Harshe kan fara barin kasuwa da makaranta kafin ya bar tsakar gida, kuma ba a gane matakin da ya kai sai an bi shi fage-fage. Ɗalibin da zai zauna a Yerimaram ya rubuta harshen da ake gaisuwa da shi, da wanda ake sulhu da shi, da wanda ake shela da shi, yana bukatar horo daga sassan biyu, alhali manhaja ɗaya kaɗai take ba shi.