Majigin Yesu da Unguwar Briqueterie: Shuka Dabam, Girbi Dabam

Duk wanda ya taɓa aikin bishara a ƙasar Hausa ya san majigin Yesu. Akan kafa farin ƙyalle a fili, a ta da janareta, yara su zauna a ƙasa, manya su tsaya daga baya cikin duhu. An fitar da fim ɗin a shekara ta 1979. An ɗauke shi a ƙasar Isra'ila, an kuma gina shi bisa Bishara ta hannun Luka. John Heyman ne ya shirya shi, ƙungiyar Campus Crusade for Christ ta Bill Bright ta tsaya masa, wani Baturen Ingila mai suna Brian Deacon kuma ya fito a matsayin Yesu. An juya shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa. Yau ya sauko daga farin ƙyalle ya shiga wayar hannu. Tun da masu bi da yawa sun dogara gare shi wajen ba da shaida, ya kamata a auna shi. Wuri mai kyau na awon kuwa shi ne unguwar Briqueterie a birnin Yawunde.

Unguwar da Mutanenta

Sunan unguwar ya fito ne daga wurin yin tubali da aka kafa a can a zamanin Jamusawa, waɗanda suka riƙe Yawunde har zuwa 1916. Fatake Hausawa sun iso garin tun a wancan zamani, zuriyarsu kuma tana nan. A unguwar ne Babban Masallacin Yawunde yake. An san ta da teloli, da masu sayar da yadi, da 'yan tsire, wanda mutanen Kamaru ke kira soya. Ana ce da ita unguwar Hausawa, amma a cikinta akwai Fulani, da Barebari, da Bamun, da baƙi daga Nijar, Chadi da Mali. Hausa, Fulatanci da Faransanci suna cuɗanya a bakin shago ɗaya. Yawancin mazaunanta Musulmi ne masu riƙo da addininsu. Kirista mai jin Hausa da ke ɗinki ko ciniki a wurin, kowa ya san shi, kowa kuma yana kallon zamansa.

Abin Yabo

Kada a rage wa fim ɗin haƙƙinsa. Na fari, ya manne wa Nassi. Masu shirya shi sun ɗauki yawancin maganar da ke bakin Yesu daga Luka, ba su cika shi da ƙagaggen labari ba. Na biyu, zaɓen Luka dabara ce mai kyau. Luka ne ya ba da labarin Maryamu da mala'ika, da na haihuwar Yahaya. Musulmin Briqueterie ya riga ya san Maryamu da Yahaya daga Alkur'ani, yana kuma girmama su. Saboda haka farkon labarin ba baƙo ba ne a kunnensa. Luka ne kuma ya fi nuna Yesu tare da matalauta, da mata, da waɗanda jama'a ta ƙi, irin su Zakka mai karɓar haraji. Na uku, gani ya kori ji. Tsohuwar da ba ta yi makarantar boko ba, da yaron da bai iya Faransanci ba, dukansu suna iya bin labarin daga komin dabbobi har zuwa kabarin da aka tarar ba kowa. Ga sabon mai bi da ke ajin baftisma, kallo ɗaya yakan jera masa abubuwan da malami zai yi watanni yana jerawa.

Inda Ya Gaza

Kasawa ta fari tana cikin hoton kansa. Musulmi da yawa suna ƙin a nuna fuskar annabi, kowane annabi ne. Abin da mai bi yake gani girmamawa, maƙwabcinsa yana iya ganinsa raini ga Annabi Isa. Wanda ya kunna fim ɗin a gaban dattijo ba tare da ya nemi izini ba, ya rufe ƙofar da gaisuwar shekara goma ta buɗe. Ga kuma fuskar Bature. Tun da daɗewa ana zargin bangaskiyar Kirista da cewa addinin Nasara ne, fuskar ɗan wasan Ingila kuwa ba ta taimaka wajen kawar da zargin nan ba, ko da yake Yesu mutumin Gabas ta Tsakiya ne.

Ta biyu ita ce harshe. Hausar Nassi tana da kalmomin da masu bi suka saba da su a sujada: Farisiyawa, majami'a, baftisma, Ɗan Mutum. Telan da ya tashi a Yawunde, wanda Hausarsa ta gauraya da Faransanci, zai ji sautin kalmomin amma ma'anarsu ta wuce shi. Bafulatani kuma, ko yana ciniki da Hausa, zuciyarsa ta fi sauraron Fulatanci. An gama Littafi Mai Tsarki na Fulatancin Adamawa tun 1983, mai shaida da ya san aikinsa ba zai manta da shi ba.

Ta uku ta fi nauyi. Fim ɗin yana nuna gicciye da tashin matattu, waɗanda su ne zuciyar bishara. Amma mai kallo a Briqueterie an koya masa tun yana ƙarami cewa ba a gicciye Annabi Isa ba, kuma Allah ba shi da ɗa. Tambayoyinsa na gaskiya ne, sun cancanci amsa cikin ladabi. Farin ƙyalle ba ya jin tambaya, wayar hannu ba ta amsawa. Fim ɗin yakan ƙare da gayyatar mai kallo ya yi addu'ar karɓar Yesu. Gayyatar tana da kyau, amma sa'o'i biyu ba su isa su warware abin da mutum ya riƙe shekara talatin ba.

Laifin da Ba na Fim Ba Ne

Akwai wani abin zargi da ya rataya a wuyan ikkilisiya. An saba ƙidaya hannuwan da aka ɗaga bayan majigi, a rubuta rahoto, a naɗe ƙyalle a tafi. Fim ɗin kansa ya nuna misalin mai shuka, inda irin da ya faɗa kan dutse ya tsiro da sauri ya kuma bushe don rashin danshi. Abin mamaki ne a nuna wa mutane wannan misali, sa'an nan a bar su a kan dutsen.

A ce wani saurayi mai koyon ɗinki ya kalli fim ɗin a wayar abokinsa, zuciyarsa ta motsa. Ubangidansa na shago kawunsa ne. Ɗakin da yake kwana na dangi ne, abincinsa daga tukunyarsu yake fitowa, matar da zai aura su ne za su nema masa. In ya furta bangaskiya, duk waɗannan suna iya kuɓuce masa a rana ɗaya. Wa zai zauna da shi ya karanta masa Luka sura bayan sura? Wa zai koya masa addu'a? Wa zai koya masa ya ci gaba da girmama iyayensa, kada ya mai da sabuwar bangaskiyarsa sandar dukansu? In aka kore shi, gidan wa zai kwana? Ikkilisiyar da ba ta shirya amsar waɗannan tambayoyi ba, ba ta shirya kunna majigi ba.

Darasi daga na Gaba

Waɗanda suka riga mu aikin nan ba su san gaggawa ba. A 1900 Likita Walter Miller ya isa Kano tare da ayarin Bishop Tugwell, Sarki ya sallame su. Miller bai koma gida ya zauna ba. Ya zauna a Zariya daga 1905, yana magani, yana koyarwa, yana fassara. Sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, shekara 32 bayan korar Kano. Haka kuma gidan shirye-shiryen Sawtu Linjiila na Ngawundare da Muryar Bishara ta Jos suna aika shirye-shiryensu ta tashar Addis Ababa, har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Tasha ta tafi, amma shaida ba ta mutu ba, domin tun asali ba a kan na'ura take tsaye ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Hukunci

Majigin Yesu kayan aiki ne mai kyau a hannun mai hankali. A Briqueterie ya fi amfani a cikin ɗaki, ga wanda ya nema da bakinsa, tare da mai bi a gefe wanda zai tsai da fim ɗin ya saurari tambaya. Ya fi amfani kuma a ajin baftisma da cikin iyali, inda za a kalli ɗan yanki, a buɗe Luka a karanta, a yi addu'a. Bai dace a kafa shi da lasifika kusa da masallaci ko a lokacin salla ba, gama wannan tsokana ce, tsokana kuwa ba ta taɓa haifar da almajiri ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Mutanen unguwar za su manta da fuskar ɗan wasa, amma ba za su manta da telan Kirista da ba ya cin ragowar yadi ba, ko matar da ta je gaisuwar mutuwa ta zauna har yamma, ko maƙwabcin da ya kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Wanda ya ga irin wannan zama shekara da shekaru, shi ne wata rana zai tambayi dalili. Ranar nan majigi zai yi amfani. Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa haƙurin jiran ranar, da amincin renon duk wanda ya kawo mata. Amin.