Jinjina ga Malamin Wasiƙa

Haƙiƙa duk wanda ya taɓa barin Gagarawa ran Alhamis ya nufi kasuwar Maigatari, inda shanu da raƙuma ke kwararowa daga Nijar, ya san darajar malamin nan da ke zaune a inuwar rumfa da alƙalaminsa, yana sauraron dillali da mai dabba har su gama musu, sa'an nan ya rubuta shaidar ciniki, da boko ko ajami, ba ƙari ba ragi. Shi ne kuma, in manomin riɗi ya zo da ƙorafin da zai kai fadar Gumel, yakan tace zafin maganar, ya sa mata ladabi, ya karanta masa a tsanake kafin ya dangwala yatsa.