Jinjina ga Limaman Katolika na Arewacin Gana

Mazauna unguwar Kanvili ta Tamale sun san Musulmi ne suka fi yawa a birnin, sun kuma san makarantun Katolika sun yaye 'ya'yan kowa. Tushen wannan aiki su ne limaman White Fathers, waɗanda suka sauka Navrongo a 1906, suka duƙufa koyon harsunan jama'a, suka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani. Cikin waɗanda suka tarbiyyantar har da Peter Poreku Dery, ɗan ƙabilar Dagaaba, wanda ya zama Babban Bishop na Tamale a 1977, Fafaroma Benedict XVI ya naɗa shi Kadinal a 2006. Yabon gwani ya zama dole. Ku magadansu da ke riƙe da alli a yau, Allah ya saka muku da alheri.