BABI NA HUƊU: SHARHI A KAN DOKAR MAGUƊIN JARRABAWA TA 1999 DA MATSAYIN MAI TSARON JARRABAWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo bayani a kan hanyoyin da ake bi wajen satar amsa a manyan jarrabawoyin kammala makarantun sakandare. A wannan babi kuwa, za a dubi dokar da aka kafa domin hana wannan ɗabi'a, wato Dokar Maguɗin Jarrabawa mai lamba 33 ta shekarar 1999. Za a auna nagartarta da kuma rauninta, musamman dangane da mutumin da aka damƙa wa amanar ɗakin jarrabawa, domin a hannunsa ne tsaro yake tabbata ko ya lalace.

4.1 Asalin Dokar

Fitar da tambayoyi kafin ranar jarrabawa tsohon al'amari ne a Nijeriya. An samu labarin irin wannan tun a shekarar 1914, lokacin da tambayoyin jarrabawar Kambirij suka fita. Bayan kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a shekarar 1952, matsalar ta ci gaba da ɓullowa jefi-jefi, har zuwa shekarar 1977 da tambayoyi suka bazu a ƙasa ta yadda sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun. Daga cikin abubuwan da kwamitin ya lura da su akwai yawan aikin da ya yi wa hukumar nauyi. Wannan tunani na rage mata kaya shi ne daga baya ya kai ga kafa hukumar NABTEB a 1992 da kuma NECO a 1999.

Ta fuskar hukunci kuwa, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta fito da Doka mai lamba 20 a shekarar 1984, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga wanda aka samu da laifin maguɗin jarrabawa. Tsananin wannan hukunci bai kawo ƙarshen laifin ba. Hasali ma, da wuya malami ya miƙa yaro ɗan shekara 16 ga hukuma alhali ya san abin da ke jiran yaron. Dokar 1999, wadda ta fito a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, ƙoƙari ne na gyara wannan kuskure.

4.2 Nagartar Dokar

Abu na farko da ya kamata a yaba wa dokar shi ne yadda ta rarrabe laifuffuka filla-filla. Ta ambaci satar amsa, da satar takardun tambayoyi, da zama a madadin wani ɗalibi, da tayar da hankali a ɗakin jarrabawa, da hana jami'i gudanar da aikinsa, da ƙirƙirar takardar sakamako ta jabu, da kuma haɗa baki. Wannan ya sauƙaƙa wa mai tsaro sanin sunan abin da ya gani da idonsa.

Abu na biyu, dokar ta bambanta masu laifi. A kan laifin satar amsa, wanda bai kai shekara 18 ba zai biya tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. Amma shugaban makaranta, ko malami, ko mai tsaron jarrabawa, ko ma'aikacin hukumar jarrabawa, hukuncinsa ɗaurin shekara 4 ne ba tare da zaɓin tara ba. A nan masu tsara dokar sun yi hangen nesa, domin sun gane cewa laifin babba wanda ya ci amana ya fi na yaron da tsoron faɗuwa ya ruɗe shi.

4.3 Raunin Dokar

Duk da haka, idan aka dubi dokar da idon basira za a ga cewa ta mai da hankali ne ga abin da za a yi wa mai tsaro bayan ya yi laifi, ba ta ce komai ba a kan yanayin da ke jefa shi cikin laifin. Wannan shi ne babban rauninta, kuma ana iya ganinsa ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce dangantakar mai tsaro da makarantar da yake tsaro. A tsarin da aka saba bi a jarrabawar kammala sakandare, babban mai kula, wanda aka fi sani da sufabaiza, malami ne da ake turowa daga wata makaranta, shi ke karɓo buhun tambayoyi daga wurin ajiya ya kuma mayar da takardun amsa. Amma masu zagayawa tsakanin ɗalibai galibi malaman makarantar ne. Ke nan an ɗora wa malami aikin kama ɗaliban da ya koyar shekara da shekaru, waɗanda cin jarrabawarsu ne ma'aunin ƙwazonsa a idon shugabansa. A makarantun kuɗi lamarin ya fi muni, saboda mai makaranta shi ke biyan albashin mai tsaron, kuma kyawun sakamako shi ke jawo masa ɗalibai a shekara mai zuwa. Dokar ta yi wa wannan malami barazanar ɗauri, amma ba ta raba shi da wanda abincinsa ke hannunsa ba.

Hanya ta biyu ita ce kariya. Gaskiya ne dokar ta haramta hana jami'i aikinsa, sai dai wannan hani ne a cikin harabar jarrabawa. Sufabaiza da ya ƙi karɓar abin da aka tara masa zai fita daga makarantar shi kaɗai, ya bi hanya cikin garin da ba nasa ba, ɗauke da takardun amsa, kuma gobe zai sake dawowa. Dokar ba ta tanadi wata kariya ta musamman ga wanda ya kai rahoto ba, ba ta kuma yi maganar biyansa haƙƙinsa a kan lokaci ba. Mutumin da yin shiru ya fi masa aminci da riba, da wuya tsoron hukuncin da bai taɓa ganin an yi wa wani ba ya sa ya buɗe baki.

Hanya ta uku ita ce wurin shari'a. Dokar ta ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraren waɗannan ƙararraki. Wannan kotu yawanci a manyan biranen jihohi take zama, kuma shari'o'i sun yi mata yawa. Laifin da aka yi a wata makarantar ƙauye sai an kwaso shaidu an yi ta zirga-zirga da su zuwa birni, alhali babban mai shaida shi ne malamin da aka ambata a sama. Saboda haka abin da aka fi gani shi ne hukuncin cikin gida na hukumomin jarrabawa, kamar riƙe sakamako, ko soke shi, ko janye amincewa da makaranta na wani lokaci. Irin wannan hukunci a kan ɗalibai ya fi sauka, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, babban da ya shirya abin kuwa sau da yawa ya tsira.

4.4 Dokar a Gaban Sauyin Zamani

An rubuta dokar ne kafin wayar hannu ta yaɗu a Nijeriya. A wancan lokaci mai satar tambaya sai ya kwafa da hannu ko ya buga a takarda. Daga baya hoto ɗaya da aka ɗauka da waya yana iya isa jihohi da dama kafin a raba takardu. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta koma gare ta gaba ɗaya a 2015, tare da ɗaukar hoton yatsa da sanya kyamarori, sannan ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa a 2021. Wannan ya rage dogaro da malamin makaranta, amma amanar ta koma hannun masu cibiyoyin kwamfuta, kuma hukumar ta sha soke rajistar wasu daga cikinsu saboda haɗa baki.

Abin da ya faru ranar 28 ga Mayu, 2025 ya ƙara fito da matsalar fili. A ranar an jinkirta takardar Turanci ta WAEC, har ɗalibai a wasu jihohi suka rubuta ta cikin dare da hasken tocila. Hukumar ta nemi afuwa, ta ce ƙoƙarin hana fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin. Wato an tsare takarda, amma an sanya mai tsaro ya lura da ɗaki mai duhu, inda ba ya iya ganin hannun ɗalibin da ke gabansa.

4.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa Dokar 1999 ta fi ta 1984 adalci, domin ta rarrabe laifuffuka ta kuma nauyaya hukuncin babba a kan na yaro. Sai dai ta ɗauka cewa tsoro kaɗai ya isa ya sa mai tsaro ya riƙe amana. Gyaran da take buƙata shi ne a haramta wa malami tsaron ɗaliban makarantarsa, a tanadi kariya da biyan haƙƙi ga wanda ya kai rahoto, a kuma ba ƙananan kotuna hurumin sauraren ƙananan laifuffukan jarrabawa. A babi na gaba za a kawo waɗannan shawarwari dalla-dalla tare da kammala nazarin.