Sunan da Ba a Faɗa: Alkunya da Iko a Gidajen Gagarawa

Shiga kowane gida na gargajiya a Gagarawa ka tambayi matar gidan sunan mijinta, za ta sunkuyar da kai, ko ta ƙwala wa wani yaro kira ta ce, "Zo ka gaya masa sunan babanku." Idan sunansa Musa, duk wani Musa a garin ya zama Kallamu a bakinta, idan Yusuf ne, sai Maitama. Jikan da aka yi wa takwara da surukinta kuwa Abba ne ko Baffa ko Babangida har ya tsufa, ta wurin surukarta kuma Ummi ko Uwani. Wannan ita ce alkunya, kuma a ƙasar Gumel, inda Hausawa da Fulani da Mangawa suka daɗe da cakuɗuwa, ta yi kauri sosai, don kunyar Fulani ta zo ta ƙara mata gishiri.

Masu ra'in matantaka, wato nazarin yadda al'umma ke tsara matsayin mace, sun daɗe suna cewa harshe ba madubi ba ne kawai, maƙera ce. Simone de Beauvoir ta Faransa ta yi bayani tun 1949 cewa zama mace abu ne da tarbiyya ke ginawa bayan haihuwa. Robin Lakoff a Amurka ta nuna a 1975 yadda ake koya wa mata wata irin magana mai laushi, sannan a riƙa raina su saboda ita. Judith Butler kuma a 1990 ta ce maimaita ɗabi'a kullum shi ke kafa jinsi. Wanda ya ga yadda ake tsawata wa yarinya 'yar shekara bakwai da "ke ba mace ba ce?" don ta zauna ta buɗe ƙafa, ba ya buƙatar dogon sharhi kafin ya gane abin da suke nufi.

Amma ba kowane takalmin aro ke shiga ƙafa ba. Oyeronke Oyewumi ta kafa hujja a 1997 da cewa Yarabanci ba ya rarrabe namiji da mace a wakilin suna, shekaru yake dubawa. Hausa ba haka take ba. Ba ka iya cewa mutum ya zo ya ci abinci sai ka fara yanke hukunci: kai ne ko ke, ka zo ko kin zo. Turanci ma bai kai nan ba. Sai dai nahawu shi kaɗai ba ya zaluntar kowa. Wurin da ya kamata a sa ido shi ne sunayen matsayi.

Namiji maigida ne, wato mai mallakar gida. Mace uwargida ce, ko amarya, ko kishiya, kalmar da aka ƙera daga kishi, kamar an riga an rubuta mata halinta tun kafin a kai ta ɗaki. Shi "ya yi aure", ita "an yi mata aure" ko "an aurar da ita". A wajen saki ma, shi ya saka, ita aka saka. Idan mace ta yi abin bajinta, yabon da za ta samu shi ne ta yi namijin ƙoƙari, ko ta yi ta maza. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na zaman kai. A ce jami'a mai zaman kanta, ko hukumar zaɓe mai zaman kanta, kowa ya ji daraja. A ce mace mai zaman kanta, an gama da mutuncinta. Kalmomi uku ne ba a sauya ko harafi ba, wanda aka jingina wa su ne kawai ya sauya.

Haka Magajiya. A tarihin Daura sarautar mai mulkin gari ce, kuma har yau akwai ta a fadodi. Amma a tashoshin mota da garuruwan kan iyaka sunan ya gangaro ya zama na shugabar mata masu zaman kansu. Ban san sarautar maza ko guda da ta yi irin wannan faɗuwar ba.

To alkunyar fa, danniya ce? A nan nake rabuwa da masu saurin yanke hukunci. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, sai "yaron nan" ko "wancan", alhali babu mai cewa ɗan yana mulkarta. Uba ma yakan kauce wa sunan ɗan fari. Namiji yana jin nauyin surukansa har ya kasa cin abinci a gabansu. Ashe alkunya tana auna nauyin dangantaka ne, ba jinsi kaɗai ba. Duk da haka, a tsakanin miji da mata ma'aunin ya karkata. Miji yana iya kiran matarsa da sunan yanka a tsakar gida, ko ya taƙaita da "ke", babu mai ɗaga kai. Ita ta gwada, kafin la'asar an kai wa uwarsa labari cewa an auro mara kunya.

Matan kuma ba su zauna sun naɗe hannu ba. Wanda aka hana shi ƙofa yakan san taga. Daga wannan hanin ne habaici ya bunƙasa ya zama fasaha: a gefen turmi, a waƙar daka da ta niƙa, a kiɗan ƙwarya ranar biki, mace za ta faɗa wa miji da kishiya da uwar miji duk abin da ke ranta ba tare da ta kama suna ba, kuma wanda ya tsargu shi ya sani. Rashin kama sunan shi ne garkuwarta. Hatta sunayen da ake laƙaba wa atamfa da kwanuka wani lokaci saƙo ne. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, wannan muryar ta tsakar gida suka fito da ita kan takarda. Tun kafin su, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajojinta, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru, ba tare da ta fita daga harshen ladabi na zamaninta ba.

Inda abin ke daina zama maganar baki shi ne gona. Yankin Gagarawa da Maigatari ƙasar riɗi ce da zoɓo da gero. Mata suna da gayauna, suna tsince zoɓo, suna sheƙe riɗi, suna kiwon awakin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Amma a ce manomi, hoton namiji da fartanya ne ke zuwa. Lokacin da aka yi ta taƙaddama kan filin kimanin hekta 12,000 da gwamnatin Jigawa ta ware don noman rake a wannan yanki, kalmar da ta cika rediyo da jaridu ita ce manoma, kuma kowa ya san wa yake gani a zuciyarsa idan ya ji ta. Shari'a ta ba 'ya mace kasonta na gado, rabin na ɗan'uwanta, amma sau da yawa gonar takan zauna a hannun yayyenta da sunan riƙo. Wadda aka horar tun tana ƙarama cewa kama sunan babba rashin kunya ne, da wane baki za ta tsaya gaban dagaci ta ce wane ya riƙe mini gona?

Yanzu wayar hannu ta shigo da sabon salo. Amaren yau ba su cika cewa Malam ko Maigida ba. Yaya suke cewa, ko Baban Ummi, wasu ma Habibi, har tsofaffi suna taɓe baki. Amma karɓi wayar ka duba yadda ta ajiye lambarsa. Da wuya ka ga sunan yanka.