Littattafan Yaƙe-yaƙen Kano Da Mutumin Da Suka Manta

Akwai waɗansu littattafai da ya kamata kowane ɗan makaranta na ƙasar Kano ya san sunansu, in dai yana so ya san yadda aka yi yaƙi da tawaye a ƙasarsa. Mun karanta su, mun ƙaru da su ƙwarai, muna kuwa so ku ma ku neme su ku karanta. Amma akwai aibi guda wanda ya bi kusan dukansu, shi muke so mu nuna muku yau, tun ba ku da kuka fito daga ƙauyukan da ke arewa da birni ba, watau wajen Bici da Dambatta da Minjibir da Dawakin Tofa. Aibin kuwa shi ne, daga zauren fada aka rubuta su, ko daga bisa sirdi. Mai karatu zai ji sunan sarki da na galadima da na barde, amma da ƙyar zai ji ɗuriyar mutumin da aka ɗebi geronsa aka ciyar da rundunar.

Bari mu fara da uban su duka, watau tsohon littafin tarihin sarakunan Kano. Da Larabci aka rubuta shi, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Wani Bature, H. R. Palmer, ya juya shi da Ingilishi a 1908, daga baya Ofishin Fassara na Zariya ya sa shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, a farkon shekarun 1930. Littafin nan abin alfahari ne, don ba kowace ƙasa ke da irinsa ba. Maganarsa gajera ce, ba ya ɓata wa mai karatu lokaci, kuma ba ya ɓoye laifin sarakuna duka. Shi ya gaya mana a zamanin Kumbari an tsananta karɓar kuɗi a kasuwar Kurmi har Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa kuma suka watse cikin ƙauyuka. To, ku lura da inda talaka ya fito a labarin nan. Sai ran da ya gudu aka tuna da shi, aka ba shi layi guda, aka koma kan sarki.

Ku dubi kuma yadda ake ba da labarin Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819. Da hawansa garuruwa da yawa suka ƙi shi, ya bi su ɗaya ɗaya ya ci su, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Mafi taurin abokan gabansa shi ne Ɗan Tunku, wanda ya riƙe arewacin ƙasar shekara da shekaru, har daga bisani Kazaure ta zama ƙasa mai kanta. Sa'ad da Bature matafiyi Clapperton ya iso Kano a Janairu 1924 saura shekara ɗari cif, watau a 1824, a sansani ya tarar da Sarki bayan gari, saboda wannan yaƙi. Yanzu ku tambayi kanku, a bisa gonar wa dawakin nan suka yi ta kai da kawowa? Tsakanin Fanisau da Kazaure babu wani dajin Allah da ba mai shi, gonakin kakanninku ne. Garin da aka ce an ci, da mutane a cikinsa, da rumbuna, da rijiyoyi, da karofi. Littafi ya ce an ci gari, ya wuce. Wanda ke cikin garin, daga ran nan wahalarsa ta fara.

Kada ku ce ƙeta ce ta sa marubuta suka yi haka. Dalilin yana cikin yadda aka shirya mulkin ƙasar. A zamanin da, hakimai a birni suke zaune kusa da Sarki, jakadunsu ke fita ƙauye su tattaro kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da zakka su kawo. Sai bayan zuwan Turawa aka fitar da hakimai aka ce kowa ya zauna a gundumarsa. Tun da masu mulki na birni, manyan malamai masu alƙalami na birni, ashe labari ma a birni zai kwana. Waɗansu masana ma suna ganin wani babban bawan sarki mai sarautar Ɗan Rimi ne ya tsara littafin nan a zamanin Bello. In haka ne, ba abin mamaki, mutum abin da ya gani daga ƙofar ɗakinsa shi zai faɗa. Amma ku tuna, Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin da mutum 30,000. Mutanen karkara sun ninka wannan sau da yawa. Tarihin da ya tsaya cikin ganuwa, ashe tarihin kaɗan ne daga cikin jama'a.

Tsohon littafin ya ƙare kafin Yaƙin Basasa, saboda haka a nan sai mu koma ga littafin Adamu Fika, mai suna The Kano Civil War and British Over-rule, wanda aka buga a 1978. Ga yadda abin ya faru a taƙaice. Sarki Bello ya rasu a ƙarshen 1893. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya umarci Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello, saboda jaruntakar da Tukur ya nuna a yaƙin Argungu. 'Ya'yan marigayi Sarki Abdullahi Maje Karofi, waɗanda ke ganin an tauye su tun zamanin Bello, suka fita birni tare da babbansu Yusufu, suka sauka Takai. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, ƙanensa Aliyu ya karɓi jama'ar, ya shiga Kano a cikin wannan shekara. Tukur ya fita ya nufi Kamri ta wajen ƙasar Katsina, aka bi shi, aka ƙare yaƙin a Tafashiya a watan Maris 1895, Tukur bai tsira da ransa ba.

Fika ya yi aiki na gaske. Bai ɗauki yaƙin a kan faɗan 'yan'uwa biyu masu zafin zuciya ba, ya bi saiwar abin, ya nuna wanda aka tuɓe da wanda aka naɗa, da yadda manyan bayin sarki da gidajen sarauta suka rabu biyu, da yadda tsagewar nan ba ta gama haɗewa ba har Turawa suka iso. Mai karanta shi zai gane abin da Hausawa ke nufi da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kuma yi bayanin haraji da shirin gundumomi na zamanin Turawa, abin da ya shafi talaka kai tsaye. Duk da haka, in kun ɗauki alƙalami kuka rubuta sunayen da ke cikin babin yaƙin, za ku ga kusan duka masu rawani ne. Muna jin wane dagaci ya bi Yusufawa, wane ya tsaya da Tukur. Abin da muke marmarin ji kuma shi ne, a daminar 1894 wa ya sami yin noma, wa ya kwana a daji da iyalinsa, 'ya'yan wa aka kama aka sayar alhali kuwa Musulmi ne 'ya'yan Musulmi. Ba a daɗe ba kuma Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo hari ta arewa, aka gwabza a Tattarawa. Wanda ya san ƙasar ya san gonakin da rundunar nan ta ratsa kafin ta kai can.

Littafi na uku na D. J. M. Muffett ne, Bature wanda ya yi aikin mulki a ƙasar nan, sunansa Concerning Brave Captains, an buga shi a 1964. Shi labarin cin Kano da Sakkwato ya bayar. Kanar Morland ya taso daga Zariya da soja fiye da 700, da igwa da bindigogi masu ruwa, ya fasa Bebeji a hanya, ya shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Aliyu kuwa yana can ya tafi Sakkwato. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, aka naɗa Abbas, aka kai Aliyu Yola, daga nan Lokoja, inda ya rasu a 1926. Muffett ya cancanci yabo domin bai haɗiye rahoton Gwamna Lugga yadda ya same shi ba, ya auna shi da waɗansu takardu da kuma bakin dattawa, ya ba mayaƙan ƙasar nan girmansu. Amma sunan littafin ma ya faɗi ko su wa ya sa a gaba, watau jarumawan shugabannin yaƙi. Sojan da suka harba bindigogin nan baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji. Bayansu kuma ga 'yan alaro ɗauke da harsashi da abinci. Waɗannan a lissafi kaɗai suke fitowa, kamar buhunan hatsi.

Wani zai ce, to, yaya za a yi, tun da manomi bai bar takarda ba? Wannan magana da gaskiya a cikinta, amma ba ta isa uzuri ba. A ƙasar Faransa an yi babban juyin mulki a 1789, aka daɗe ana rubuta labarinsa kamar a birnin Paris kaɗai aka yi shi, ana ta maimaita yadda mutanen birni suka fasa kurkukun Bastil ran 14 ga Yuli, inda suka tarar da fursuna 7 tak. Sai wani malami, Georges Lefebvre, ya shiga takardun ƙauyuka, na gonaki da haraji da shari'a, ya fitar da littafi a kan manoman arewacin Faransa a 1924, ya ƙara wani a 1932 a kan firgicin da ya bi ƙauyuka a shekarar juyin. Tun daga nan ba mai iya ba da labarin nan ya bar manomi a waje. A ƙasarmu ma an gwada. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, ta rubuta abin da ta faɗa, aka buga a 1954. A cikinsa ake ganin hari yadda mutanen gida suka gan shi, da kama mutane, da tara kuɗin fansa, da raba uwa da 'ya'yanta. Baba ba ta riƙe takobi ba, amma wanda ya karanta ta ya fi sanin abin da yaƙi yake bisa ga wanda ya haddace sunayen barade ɗari.

Har tarzomar cikin birni ma ba a gane ta sosai sai an leƙa ƙauye. A watan Disamba 1980 aka yi rikicin Maitatsine a Kano, wajen unguwar 'Yan Awaki, hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Masu rubutu da yawa suka tsaya kan Muhammadu Marwa shi kaɗai da irin wa'azinsa. Paul Lubeck, a wani rubutu na 1985, ya tambayi daga ina mabiyan suka fito. Ya nuna da yawansu gardawa ne da samarin karkara masu shigowa birni da rani, waɗanda a da suke samun 'yar sana'a da wurin kwana da sadaka, sai zamanin kuɗin man fetur ya zo da tsada, birni ya rufe musu ƙofa. Wannan bai wanke kowa daga jinin da aka zubar ba. Abin da ya koya mana shi ne ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya fashe a birni sau da yawa a ƙauye ya fara ƙuna. Birni da ƙauye a ƙasar Kano igiya guda ta ɗaure su. Jakin da ya kai itace birni da safe, shi ke komowa da taki da yamma.

Saboda haka ga shawararmu gare ku, samari da 'yan mata na makaranta. In kun buɗe littafin yaƙi, kowane iri ne, na ƙasarku ko na wata ƙasa, ku tambaye shi abu uku. Wa ya rubuta, kuma tuwon wa yake ci? A ina ya tsaya sa'ad da yake kallon abin, cikin ganuwa ko bayanta? Wa aka ambata da suna, wa aka ƙidaya da lamba, wa aka bari ko lambar bai samu ba? Littafin da ya kasa amsa ta uku ba a jefar da shi, a karanta shi, a san dai rabin labari ne a hannu.

Sauran rabin yana garuruwanku. Waɗanda suka ga Basasa da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, amma abin da suka faɗa wa jikokinsu bai gama ɓacewa ba. Kusan kowane tsohon gari na arewacin Kano yana da kufai kusa da shi, ko alamar ganuwa da gwalalo a tsakiyar gonaki, ko unguwar da aka san mutanenta gudu ya kawo su. In an yi hutu ku sami dattawa da tsofaffin mata, ku gaishe su da ladabi, ku tambayi wa ya tashi kufan nan, daga ina kakanni suka zo, ina aka ɓoye hatsi a shekarar hari. Ku rubuta sunan garin da ranar da kuka ji, ku bambanta abin da mai faɗa ya gani da abin da aka gaya masa, kada ku ƙara gishiri. In bakin mutum biyu ya saɓa, ku rubuta duka biyun. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wanda zai rubuta Yaƙin Basasa daga bakin rumbu, muna fata yana zaune yanzu a kan benci cikin ɗayan azuzuwanku. Allah ya ba shi haƙurin tambaya da tsoron ƙarya, amin.